Littafin Nietzsche da addinin Buda: amsa ga Yaya daga Jamus

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya kai da iyali. Saƙonka ya iso. Ka ce labari ya zo maka cewa yaran Hausawa a nan Jamus suna karanta littafin wani Bajamushe mai koyar da addinin Buda, wanda ake bi a ƙasashen Asiya, mu iyaye kuma mun zuba musu ido. Damuwarka tana kan hanya, don haka zan yi maka bayani dalla-dalla.

A jihar da muke zaune, yaron da bai shiga darasin addini a makaranta ba, tilas ya shiga darasin falsafa. An fara koyar da addinin Musulunci a makarantun gwamnati na jihar tun 2012, sai dai malaman ba su wadata ba, shi ya sa da yawa daga cikin yaranmu a ajin falsafa suke. Idan suka kai manyan azuzuwa, malami kan kawo musu guntayen rubutun masanan ƙasar, kuma ta nan ne suke cin karo da Friedrich Nietzsche da littafinsa Also sprach Zarathustra, wanda ya rubuta kashi huɗu tsakanin 1883 da 1885.

Littafin ƙagaggen labari ne. Ya ari sunan Zarathustra, mutumin Farisa da Majusawa suke bi, ya sa masa nasa maganganun a baki. Mutumin cikin labarin ya bar gida yana da shekara 30, ya yi shekara 10 a kan duwatsu, sannan ya sauko yana yi wa jama'a wa'azi. Wanda ya san tarihin Buda zai ga kama nan take, domin shi ma ya bar gidan sarauta yana da shekara 29, ya yi shekaru yana nema, ya dawo yana koyarwa. Ina jin daga nan ne wanda ya ba ka labari ya ɗauka cewa tafiyarsu ɗaya.

Amma littafin faɗa yake yi da addinin Buda, kuma bai ɓoye ba. Akwai babi a kashi na farko a kan waɗanda ya kira masu wa'azin mutuwa. Ya ce su ne mutanen da in suka haɗu da marar lafiya ko tsoho ko gawa, sai su ce shi ke nan, rayuwa ba ta da hujja. To, abubuwan nan uku su ne aka ce Buda ya gani lokacin da ya fita daga fada, har suka sa duniya ta fita daga ransa. Nietzsche ya san abin da yake yi sarai.

Asalin rigimar daga Arthur Schopenhauer take, wani masanin falsafa Bajamushe. A 1865, yana ɗalibi a Leipzig, Nietzsche ya tsinci littafin wannan mutum a shagon tsofaffin littattafai, ya kamu da shi sosai. Schopenhauer yana ganin rayuwa wahala ce da sha'awa marar ƙarewa ke jawowa, mafita kuwa ita ce a kashe son rayuwar, a ji tausayin kowace halitta. Ya ce addinin Buda ya riga shi gane haka, har gunkin Buda ya ajiye a gidansa a Frankfurt. Daga baya Nietzsche ya juya wa malamin nasa baya, ya kuma haɗa da Buda. Ya ga Turawa suna barin coci, ya ji tsoron za su faɗa cikin gajiya da mutuwar zuciya, su ce komai banza ne. Wannan halin ne yake kira addinin Buda irin na Turai, kuma domin ya tare shi ya ƙago Zarathustra.

Inda suka fi rabuwa shi ne batun dawowa. Mabiya Buda sun yi imani ana ta sake haihuwar mutum, babban buri kuma shi ne ya kuɓuta daga wannan zagaye. Nietzsche kuwa, a watan Agusta na 1881 a bakin wani tafki kusa da Sils Maria a Suwizalan, tunani ya zo masa cewa komai zai maimaita kansa daidai yadda ya faru, ba ragi ba ƙari, har abada, kuma babu ƙofar fita. Jarumi a wurinsa shi ne wanda zai dubi rayuwarsa da duk ɗacinta ya ce a sake, ina so. Tausayi ma, wanda Schopenhauer da Buda suka ɗaukaka, a kashi na huɗu ya mai da shi jarrabawa ta ƙarshe da Zarathustra zai tsallake. Duk da haka Nietzsche yana ganin girman Buda. A wani littafin da ya rubuta a 1888 ya ce addinin Buda ya fi Kiristanci fuskantar gaskiyar rayuwa sau ɗari. Adalci kuma ya sa in faɗa maka cewa mabiya Buda ba su yarda da hoton da ya zana musu ba. Littattafan da Turawan zamaninsa suka rubuta a kan Buda ya karanta, irin na Hermann Oldenberg na 1881, alhali a koyarwar mabiya Buda kwaɗayin mutum ya shafe gaba ɗaya ma suna lissafa shi cikin kwaɗayin da ke jawo wahala.

Yanzu ga yadda muke yi. Ranar Lahadi bayan Azahar, idan ƙanana sun tashi daga karatun allo, manyan yara sukan zauna da mu a ɗakin da muke haya kusa da masallaci, kowa da abin da aka ba shi a makaranta. Littattafan ƙanana ne masu launin rawaya, irin masu arhar nan da ɗalibai ke sawa a aljihu. Yarinya za ta karanta sakin layi da Jamusanci, ta mayar wa babanta da Hausa, in ta maƙale wani ya kama mata, ga shayi ana zagayawa da shi. Idan aka zo wurin da ya ce Allah ya mutu, wa'iyazu billahi, ba ma tsallakewa. Muna faɗa musu ƙarara cewa wannan kafirci ne, sannan mu gaya musu wanda ya faɗa: ɗan limamin coci ne, aka haife shi a 1844, ya tashi ya ga imanin mutanensa yana zubewa.

Wurin da muka fi daɗewa shi ne ƙaddara. Akwai yaron da ya taɓa cewa ai wannan rungumar rayuwa da ɗacinta ita ce yarda da ƙaddara da muke koya musu. Ranar sai da La'asar ta same mu a kai. Mun nuna masa cewa mu muna haƙuri ne saboda akwai Wanda ya hukunta, kuma gare Shi za mu koma, rayuwa sau ɗaya ce, bayanta hisabi. Shi Nietzsche ba shi da mai hukuntawa, ba shi da ranar sakamako, mutum ne shi kaɗai da ƙarfin zuciyarsa.

Ba dukanmu ne muka yarda da wannan tsari ba. Akwai iyayen da ke cewa a bar yaro ya rubuta jarrabawa ya manta, kada a shigo da irin wannan kusa da masallaci. Ina girmama su, amma ban bi ra'ayinsu ba. Yaron nan zai karanta ko mun so ko mun ƙi, kuma a dokar ƙasar nan daga shekara 14 shi ke da ikon zaɓa wa kansa a sha'anin addini. Na fi so tambayar ta fito a gabana, in ta fi ƙarfina mu kai wa liman.

Abin da muke nema a wurinka, Yaya, karatun tauhidi ne da Hausa mai sauƙi, wanda ake yi a hankali, domin Hausar yaran ba ta kai ta gida ba. In akwai malamin da ka amince da shi, a ɗauko mana muryarsa a turo. A gaida Hajiya da yara.