Wankin Mota da Gyara Ta a Gida: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Na sayi motata ta farko, ina so in riƙa wanke ta da kaina. Me zan fara saya? Kuma omo ko sabulun wanke-wanke ba za su wadatar ba?

Malam, Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Omo da sabulun kwanuka an yi su ne don narkar da maiƙo, shi ya sa suke kwashe man kariyar da ke kan fenti, su kuma busar da robobin ƙofa. Wanki ɗaya ba zai kashe fenti ba, amma idan abin ya zama jiki, mota za ta dusashe. Ka sayi sabulun da aka yi don mota, ka bi ma'aunin da ke jikin robarsa. Ƙara shi fiye da haka wahalar ɗauraya kawai zai jawo maka.

Bayan sabulu, kana buƙatar bokiti biyu, safar hannu ta wanki mai laushi, tawul na maikurofaiba (yadi mai laushi da siraran zare) kamar shida zuwa takwas, da burushin taya. A tawul ɗin nan ne muke so ka kashe kuɗi, domin tsohuwar riga da soson kanti su ne suke cin fenti. Soso yana riƙe yashi a samansa, kai kuma kana jan sa a jikin mota.

Ka ajiye motar a inuwa, ka taɓa bonet ka ji ya huce. Fara da tayoyi, da burushi da ruwansu na daban, saboda ƙurar birki tana ɗauke da ɓarɓashin ƙarfe wanda bai kamata ya kusanci fenti ba. Sai ka watsa wa motar ruwa sosai har yashin da ke kanta ya sauka kafin hannu ya taɓa ta. Bokiti ɗaya na kumfa ne, ɗaya na ruwa zalla. Ka tsoma safar a kumfa, ka wanke rufi, ka ɗauraye ta a ruwan zalla, sannan ka koma kumfa. Haka za ka bi ɓangare-ɓangare daga sama zuwa ƙasa, ƙasan ƙofofi da bamba su zo ƙarshe. Idan ka gama, leƙa gindin bokitin ɗauraya: wannan laka-lakar da ta kwanta, da bokiti ɗaya ka yi amfani da shi, da ita za ka goge motar. Ka tsane ruwan da tawul nan take, kada ka bar wa iska, domin ruwa idan ya bushe yana barin tabon gishiri.

Tambaya: Motata baƙa ce. A rana sai in ga wasu siraran zane kamar saƙar gizo-gizo. An ce in sayi injin folish. In saya?

Kada ka yi gaggawa. Zanen da kake gani a fatar sama ta fenti yake, wadda ba ta da launi, kuma kaurinta bai kai na takardar rubutu ba. Folish yana kankare kaɗan daga wannan fata ne har ta daidaita da zurfin zanen. Abin da aka kankare ba ya dawowa. Injin da ke juyawa wuri ɗaya yana tara zafi, a hannun sabon shiga yakan ƙone fenti a gefen ƙofa ko kan ƙugun bonet, inda fentin ya fi siranta. Idan lallai sai ka saya, nemi mai juyawa yana karkarwa, shi ya fi yafiya, ka kuma koya a kan tsohuwar ƙofar mota.

Kafin nan, gwada zanen da farce. Idan farce ya maƙale, ya yi zurfi, aikin mai fenti ne. Idan bai maƙale ba, folish mai laushi da hannu zai rage shi.

Akwai wani gwajin. Bayan wanki, sa hannunka a cikin leda mai laushi ka shafa bonet. Idan ka ji gurji-gurji, datti ne ya kafe, kamar kwalta da ƙaron itace. Yumɓun goge fenti ke cire shi: ka fesa ruwan kumfa ya yi santsi, ka riƙa goga yumɓun a hankali, kana naɗe shi idan ya yi datti. Da zarar ya faɗi ƙasa, jefar da shi, ya kwashi yashi. Daga nan sai waks, wato man kariyar fenti, shafi ɗaya siriri, ka bari ya yi hazo, ka goge. Wanda ya lafta da yawa wahala kawai ya saya wa kafaɗarsa. Ranar da ruwa ya daina dunƙulewa a kan fenti, lokacin sakewa ya yi.

Tambaya: Yara sun zubar da madara a kujerar baya. Na wanke da ruwa sosai, yanzu motar wari take.

Hajiya, ruwan ne ya ƙara ta'azzara lamarin. A ƙarƙashin yadin kujera katifa ce, ta shanye madarar da ruwan, ga mota a rufe, sai tsami da funfuna. A wasu motocin ma akwai wayoyin lantarki a ƙarƙashin kujeru, ba sa son jiƙa.

Ki fitar da tabarmin ƙafa ki wanke su a waje. Ki zuƙe ƙura da inji tun wurin yana bushe, domin ƙura idan ta haɗu da ruwa taɓo take zama. Sai ki fesa sabulun kujera kaɗan, ki cuɗa da burushi mai laushi, ki danna busasshen tawul ya tsotse, ki maimaita. Madara tana da furotin da maiƙo, don haka sabulu mai ɗauke da sinadarin enzayim, wanda ke narkar da su, ya fi cin ta. Injin da ke zuƙe ruwa zai taimaka ƙwarai. Ki bar ƙofofi a buɗe har cikin katifar ya bushe. Turare rufe wari yake yi na ɗan lokaci. Idan madarar ta taɓa bel ɗin kujera, ki zaro shi duka, ki goge da ruwan sabulu mai sauƙi, ya bushe kafin ya koma.

Tambaya: Man da ke sa dasbod ƙyalli yana da kyau?

Ba ma sonsa. Yana kama ƙura, yana kuma haska gilashin gaba har ya dame ka da rana. Tawul mai ɗan danshi ya isa, kuma a tawul ake fesa magani, kada ya shiga maɓallai. Sitiyari da abin taka birki da totur, kada mai ya kusance su ko kaɗan, santsi a nan hatsari ne. Idan gilashinka na da baƙar leda, guji maganin goge gilashi mai amoniya, yana lalata ta. Tawul ɗin da ya taɓa waks kuma kada ya hau gilashi, sai ya bar maiƙon da za ka gani da dare idan fitilun wasu motoci suka haske ka.