Wuƙa uku na ƙera, babu wadda ta yi: ƙarfen ne ko hannuna?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Wata takwas ke nan da na fara koyon ƙira, na haɗa 'yar maƙerata da zuga-zugi da gawayi. Wuƙa uku na ƙera, babu wadda ta yi. Ta farko da rodin gini na yi ta, ta fito tsaf, amma igiya biyu na yanka bakin ya kwanta. Aka ce in nemi sifirin ɗin mota. Na samo na ƙera ta biyu, na gasa ta ta yi jawur, ina tsoma ta a ruwan sanyi na ji ƙyas, na ciro ta da tsaga. Ta uku ta tsira a ruwa, ta yi kaifi kamar aska, amma ranar da ta suɓuce mini ta faɗi a kan siminti sai ta rabu biyu. Ƙarfen ne ba shi da kyau, ko hannuna ne?

AMSA: Ɗana, sannu da ƙoƙari. Wuƙaƙen nan naka kowace da cutarta, kuma ɗaya ce kawai za ka ɗora wa ƙarfe laifinta. Sauran biyun aikin wuta da ruwa ne, wato naka ne, amma irin laifin da duk wanda ya taɓa riƙe awartaki ya yi shi.

Mu fara da ta rodi, don maganarta gajera ce. Abin da muke haɗawa mu kira ƙarfe iri-iri ne. Tsantsar baƙin ƙarfe laushi gare shi, ko ka tsoma shi a ruwa sau goma ba zai yi taurin riƙe kaifi ba. Abin da ke ba shi wannan taurin shi ne sinadarin kabon, ainihin abin da gawayin maƙerarka ya ƙunsa, kuma ɗan kaɗan ne ake magana. Ƙarfen da ake yin ƙofa da taga da shi, kabon ɗinsa bai cika kai kashi 0.3 cikin 100 ba. Sifirin ɗin mota yana da wajen 0.6. Tsohon magagari yana kai kashi 1 ko ya ɗara. Idan ya haura kashi 2 kuwa, ya zama ƙarfen zubi, irin na jikin inji, wanda in ka gasa ka buga sai ya farfashe maimakon ya miƙe. Shi rodi an yi shi ne don ya zauna cikin kankare, ba wanda ya damu da ko zai riƙe kaifi, kuma sau da yawa daga tarkacen ƙarafa ake narko shi, shi ya sa wannan sandar takan bambanta da waccan. Ka ajiye shi don ƙugiya, da awartaki, da ƙafar murhu. A nan yana da rana.

Kafin ka sake ɓata gawayi a kan ƙarfen da ba ka san asalinsa ba, ka gwada shi. Ka ɗora shi a injin wasa ƙarfe ka dubi tartsatsin: in dogaye ne miƙaƙƙu, ba su cika rassa ba, kabon ya yi ƙaranci. In suna fashewa a ƙarshe kamar taurari, birjik, to akwai shi. In babu inji, ka buga guntu ya yi siriri, ka gasa, ka tsoma, ka ɗora a gefen uwar maƙera ka sa masa masaba. Wanda ya lanƙwashe ba na wuƙa ba ne. Wanda ya karye ƙaras shi kake nema.

Ta biyun ce ke son a zauna a kanta. Idan ƙarfe mai kabon ya haura digiri 727 a ma'aunin Salshiyas, tsarin cikinsa yakan fara sauyawa, kabon ɗin ya narke ya bazu a jikinsa kamar gishiri a ruwa, alhali ƙarfen bai narke ba (shi sai wajen digiri 1,500 yake narkewa). In ka bar shi ya huce a hankali, kabon ya koma inda ya fito, ƙarfe ya yi laushi. In ka sanyaya shi farat ɗaya, kabon ba ya samun hanyar fita, sai ya maƙale, ƙarfen ya sandare a wani tsari mai tsananin tauri da masana suke kira matensait, sunan da aka ɗauko daga wani masanin ƙarafa Bajamushe, Adolf Martens. To wannan sabon tsarin ya ɗan fi na da girma. Ka duba abin da ke faruwa a cikin bokitinka: baki siriri ne, shi yake fara sanyi, ya taurare, ya ɗan kumbura, shi kuwa gadon bayan wuƙar mai kauri har yanzu da zafinsa, yana ta tsukewa. Ɗaya na ja nan, ɗaya na ja can. Ƙyas ɗin da ka ji, ƙarar rabuwarsu ce.

Ruwa yana zuƙe zafi da gaggawar da sifiri ba ya buƙata. Yawancin sifirin mota an sa masa ɗan kuromiyam da manganis, waɗanda ke sa ya taurare ko da sanyin bai zo masa da sauri ba. Saboda haka mai ne abin shansa. Man girki mai tsabta ya wadatar, ka ɗan ɗumama shi tukuna ta hanyar tsoma wani guntun ƙarfe mai zafi, har ya kai ɗumin da yatsa zai iya taɓawa ya janye. Mai ɗumi ya fi mai sanyi tsinkewa, don haka ya fi zagaya ƙarfen. Na san da yawa baƙin mai suke amfani da shi don shi ne a kusa, kuma yana yi, sai dai hayaƙinsa guba ne, ni na daina. Ko wane mai ne, a gwangwanin ƙarfe mai murfi za ka zuba shi, domin yakan kama da wuta. In ya kama ka rufe murfin. Kada ka kuskura ka watsa masa ruwa.

Sai kalmar nan da ka faɗa, jawur. Ina zargin ka wuce wuri. Zafin da ake dukan ƙarfe da zafin da ake ba shi ruwa ba ɗaya ba ne. Na duka yana tsakanin ruwan lemo da rawaya, digiri 900 zuwa 1,200. Na tsomawa kuwa bai wuce 800 da 'yan kai ba. In ka zarce, ƙwayoyin cikin ƙarfen sukan yi girma, kuma ƙarfe mai manyan ƙwayoyi kamar busasshen tubali yake, jira kawai yake a taɓa shi. Ido yana yaudara a nan. Ina saurayi na taɓa ƙera gatari, na yi kwana biyu a kansa, na zo ba shi ruwa da tsakar rana a fili. A cikin hasken rana na ga kamar bai ma yi ja ba, na yi ta zuga, ashe ya daɗe da wucewa. Itace na uku ya sara bakin ya ɓalle, na ɗauki ɓallin na ga cikinsa ɓarje-ɓarje yana ƙyalli kamar tsakuwa. Tun daga ranar ba na tsoma ƙarfe sai a inuwa ko da almuru.

Abin da ba ya yaudara shi ne maganaɗisu. A digiri 770 ƙarfe yakan daina kama shi. Ka rataye guntu kusa da wuta, kana gasawa kana taɓawa. Da zarar ya daina kamawa, ka mayar da wuƙar wuta ta ƙara ɗan haske kaɗan, launin ya daidaita tun daga tsini har gindi, sannan ka tsoma ba tare da tsayawa ba. A tsaye za ta shiga, tsini ko baki a gaba. In za ka motsa ta, ka yi kamar kana yanka man, gaba da baya. In ka kaɗa ta gefe da gefe, ɓangare ɗaya zai riga ɗaya sanyi ta fito a karkace.

Akwai ƙananan abubuwa da ke jawo tsaga tun kafin a je ga mai. Bayan ka gama duka, ka gasa wuƙar zuwa inda maganaɗisu ya saki, ka ciro ka bar ta ta huce a iska har jan ya ɓace, ka maimaita sau biyu ko uku. Wannan yana mayar da ƙwayoyin ƙanana, yana kuma sauke gajiyar da masaba ta tara mata. Kada ka wasa baki ya yi kaifi kafin tsomawa, ka bar masa kaurin milimita ɗaya. Zurfafan sawun masaba da kusurwa mai tsini a inda ruwan wuƙa ya haɗu da ƙota, duk ƙofofin tsaga ne, ka goge su da magagari. Kuma tsohon sifiri ya sha shekaru yana lanƙwasa a ƙarƙashin mota, wani da tsagarsa a ɓoye yake zuwa. Wannan kam ba hannunka ba ne.

Wuƙa ta uku ita ce ta fi ba ni tausayi, don saura ƙiris ta yi. Ta taurare yadda ake so, sai ka tsaya a nan, alhali aiki bai ƙare ba. Ƙarfen da ya fito daga tsomawa kamar gilashi yake: magagari ba ya kama shi, sai dai ya zame yana ƙara, amma ba ya jure bugu ko kaɗan. Dole a mayar da shi ga wuta mai sanyi-sanyi, a rage masa ɗan tauri a saya masa juriya. Kuma a ranar za a yi, ba a kwana, domin wuƙar da aka tsoma aka ajiye tana iya tsagewa ita kaɗai a kan benci.

Ga yadda nake yi. In goge gefe ɗaya da dutse ko takardar yashi har farin ƙarfen ya fito. In gasa wani ƙarfe mai kauri ya yi ja, in ciro shi, in ɗora gadon bayan wuƙar a kansa, bakin yana sama. Sai in zuba ido. Da farko ba ka ganin komai. Can sai wani launi fari-fari mai rawaya, kamar busasshiyar ciyawa, ya ɓullo daga baya ya fara rarrafawa zuwa baki. Wannan wajen digiri 220 ne. A bayansa ruwan ƙasa na biye, wajen 250, sai wani ja mai shuɗi-shuɗi kamar wuyan tattabara, wajen 280, sai shuɗi sosai a wajen 300. Suna tafiya a jere, kuma suna ƙara sauri yayin da suka kusa siririn wuri, musamman tsini, don haka hannunka na kan awartaki. Da launin ciyawa ya isa baki, ka ɗauke ka tsoma don ya tsaya a nan. A wannan matakin ruwa ba ya cutarwa. Sai ka samu baki mai tauri, baya mai shuɗi mai juriya, wanda shi ne abin da ake so a wuƙa.

Kowane kayan aiki da launin da ake tsayar masa. Aska da wuƙa, ciyawa. Gatari da kurfi, da duk abin da zai sha bugu, a bar su su kai ruwan ƙasa zuwa wuyan tattabara. Adda da lauje, da abin da ake so ya lanƙwasa ya dawo, har kusa da shuɗi. In ka yi sakaci baki ya wuce shuɗi ya koma toka-toka, taurin ya tafi, sai ka sake tsomawa daga farko. Wanda yake da tanda mai ma'aunin zafi ya huta: digiri 200, awa ɗaya, a bari ta huce, a sake. Ya fi ido daidaito, ko da yake ni har yanzu kallon launukan nan ya fi mini daɗi.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, tunda tarkace kake tsinta: kada ka sa ƙarfe mai rufin zinki a wuta, irin bututun ruwa da kwanon rufi. Farin hayaƙin da yake fitarwa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Kada ka yar da wuƙar nan da ta rabu biyu. Ka kai bakin karayar wurin haske ka duba. In ka ga toka-toka sumul, ba ka iya rarrabe ƙwaya, to zafin tsomawarka daidai ne, mataki na ƙarshe kawai ka tsallake. In ka ga ɓarje-ɓarje mai ƙyalli, ka rage zuga. Sannan ka goge guntayen biyu, ka kai ɗaya launin ciyawa, ɗaya shuɗi, ka bi kowanne da magagari, ka sa musu masaba a gefen uwar maƙera, ka ga wanda zai fara ba da kai.