Zabbin da Baƙon Kamfani Ya Ƙi Karɓa

Tun da baƙon nan ya fita nake ganin bakinka yana motsi. Kana tambayata wai ɗinki ya zo dubawa ko binciken 'yan sanda, tunda ko riga ɗaya bai ɗaga ya duba kalmasa ba, sai tambayar shekarun yara da leƙen wayar wuta, ga shi kuma ya dawo maka da zabbi biyun da na ce ka kai masa mota. Ajiye almakashin, jawo benci, ɗana.

Ɗinkinmu sun gani tun a samfurin da muka aika, shi ya sa suka ba mu kwangilar kakin masu gadinsu. Abin da ya kawo shi yau shi ne ya ga wa ke ɗinkin, a ina, kuma a wane hali. Takardar nan da ka ga na sa wa hannu ran Litinin sharuɗɗan ɗa'a ne da kamfani ke gindaya wa duk mai kawo masa kaya, ko tela ne, ko mai dizal, ko mai dafa abinci. In ka karya ɗaya suna iya soke kwangilar, ko da ɗinkinka ya fi na kowa daga Ƙofar Soro har Ƙofar Ƙaura.

Zancen zabbi kuwa laifina ne. Mu a Katsina baƙo ba ya tafiya hannu rabbana, haka muka tashi. Amma da ya ƙi karɓa sai na tambayi kaina: da ba shi ne zai rubuta rahoto a kanmu ba, da zan tura ka kasuwa neman zabo? Ban samu amsa mai daɗi ba. In baki ya ci, ido ya ji kunya. Ranar da muka kai kaya da aibi, wanda ya sha romon zabonmu ba zai iya buɗe baki ba, kamfani kuma shi yake biya albashi don ya buɗe bakin. Haka batun wanda zai zo ya raɗa maka ka ƙara farashi a rasit ku yi kashe-mu-raba. Ka ji irin wannan in ba na nan, ka ce a jira maigida.

Sharaɗin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na raba aiki a ɓoye, wato ka miƙa wa wani aikin da aka ba ka ba da sanin masu aiki ba. A 2012 gobara ta tashi a wata masana'antar ɗinki a Bangaladesh, mutum sama da 100 suka mutu, da yawansu don sun rasa hanyar fita. Da aka ga kayan wani babban kamfanin Amurka a cikin toka, sai kamfanin ya ce shi bai san ana ɗinka masa kaya a can ba, wanda ya ba kwangila ne ya miƙa wa wani. Bayan 'yan watanni, ranar 24 ga Afrilun 2013, benen Rana Plaza mai hawa takwas ya rufta a kusa da Dhaka, babban birnin ƙasar, ya kashe sama da mutum 1,100, yawancinsu teloli irinmu. Ana gobe abin zai faru an ga bango ya tsage, amma aka ce su koma kan kekunansu. Tun daga nan kamfanoni suka ƙara matsawa sai sun san ɗakin da allura ke shiga kayansu. Shi ya sa ka ga baƙon ya tsaya yana duba buhunan ƙyallen da suka tare ƙofar baya, da wayar dutsen guga da muka ɗaure da leda, da jarkar fetur da ke jingine da janareto.

Ni ma raba aiki a ɓoye ya taɓa cina, tun kana goye. Wata makaranta ta ba ni yunifom, ga azumi ya raba tsakiya, ɗinkin sallah ya cika shago har rufi. Sai na ɗauki bandir biyu na kai wa wani tela ya rage mini, ban gaya wa masu aiki ba. Ashe ya ajiye yadin da na kai, ya sayo mai kama da shi mai araha. A ido ba ka bambanta su. Wanki biyu aka yi, rabin aji shuɗi, rabi sun koɗe kamar toka. Shugaban makarantar ya shimfiɗa riguna biyu a kan teburinsa, ya ce wanne ne aikina. Na kasa cewa komai, don in na ce wani na ba, na tona kaina, in na yi shiru, na zama mai algus. Na sake ɗinka su da kuɗina, kuma ba su ƙara nemana ba. Yanzu in aiki ya fi ƙarfinmu zan faɗa, su zo su ga shagon da zan ba, su yarda ko su ƙi.

Tambayar shekaru ce na san ta fi ɓata maka rai. Ya ce ma'aunin da suke bi na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ne, wanda Najeriya ta amince da shi a 2002: ba a ɗaukar wanda bai kai shekara 15 ba aiki, aiki mai haɗari kuma sai 18. Na ce masa ni ina ɗan shekara goma na fara zura zare a allura, kuma sana'a ba a koyonta da gemu. Bai musa ba. Ya ce shi abin da yake nema ya gani, yaron yana zuwa makaranta? Ƙarfe nawa yake tashi? Koyo yake ko an mai da shi ma'aikacin da ba a biya? A nan ya kama ni. Ƙanenka da ke sa maɓalli, daren sallar bara ya kai ƙarfe biyu yana gyangyaɗi a kan riga. Wannan ba koyo ba ne, ni na ci guminsa. Daga yau sai ya taso makaranta zai zo, ya tafi kafin magariba, kuma hannunsa ba zai taɓa kayan kamfani ba. Ku manya kuma kowa za a rubuta abin da ya ɗinka da abin da aka sallame shi a littafi, ya sa hannu.

Kada ka ɗauka na ce kamfani waliyyi ne. Takarda ta ce in biya yara a kan lokaci, alhali su sai su riƙe kuɗinka wata biyu ko uku, su matse farashi, su ce gobe suke son kaya. Wanda ya ba ka kwana biyar a aikin kwana ashirin shi ya tura ka kwanan shago da raba aiki a ɓoye. Na faɗa masa haka a gabanka, kuma shi ya sa na dage sai sun rubuta kuɗin kafin alƙalami da ranar biyan ciko kafin in yanka yadi ko taku ɗaya.

Saura ragowar yadi. Na ga kana kallon wannan ruwan ƙasan, kana auna wando a ranka. Nasu ne. Mu teloli mun daɗe muna halatta wa kanmu ƙyalle, amma abin da ya isa wando ya wuce ƙyalle. Ka auna abin da ya rage da tef, ka rubuta, mu mayar tare da kaya. In suka ce mu riƙe, naka ne.

Zabbin kuma ka kai gida a gyara, mu ci da dare. Kafin ka tafi, kwashe buhunan nan daga ƙofar baya, ka biya ka kira mai gyaran wuta.