Amsoshin Tambayoyinku: Cijewar Silaid a Fistol na Ƙarfe Marar Tsatsa da Man da Ya Dace da Shi

Wasiƙun wannan mako sun taru ne a kan silaid, wato murfin nan na saman fistol wanda yake ja da baya idan an harba, ya fitar da kwanso, sannan ya dawo ya tura sabon harsashi cikin ɗakinsa. Duk duban da zan ambata a ƙasa ana yin sa ne bayan an zare magazin, wato kwanson da ake jera harsasai a ciki, an ja silaid baya, an kuma tabbatar da ido da yatsa cewa babu harsashi a ciki.

Tambaya: Malam, na sayi sabon fistol samfurin 1911 wanda gangar jikinsa da silaid ɗinsa duka na ƙarfe marar tsatsa ne. Bayan na harba harsashi kamar ɗari a filin atisaye, sai silaid ya fara tsayawa kafin ya gama rufewa, har sai na tura shi da babban yatsa. Da na kwance shi na ga wasu zane-zane a kan layukan da yake zamiya. Shin in mayar da shi ne, ko in ci gaba da harbawa har ya saki?

Amsa: Ɗan'uwa, amsar tana cikin waɗannan zane-zanen da ka gani, domin iri biyu ne, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Idan wuraren sun yi sheƙi ne kawai, ka shafa da farce ka ji sumul, to wannan gogewa ce ta al'ada, alamar cewa sassan biyu suna sabawa da juna. Fistol ɗin da aka haɗa shi a matse yakan buƙaci wannan lokaci, shi ya sa wasu kamfanoni suke ba da shawarar a harba harsashi kusan 500 kafin a yanke wa bindigar hukunci. Amma idan farcenka yana maƙalewa, ka ga ƙarfen ya yi gautsi-gautsi kamar an yage shi, ko ka ga ɗan tudu a gefe guda da rami a daidai wurin a ɗaya gefen, to ƙarfen ya fara cin ɗan'uwansa, kuma kowane harbi da ka ƙara ɓarna yake ƙarawa.

Yana da kyau ka san abin da ke jawo wannan. Ƙarfe marar tsatsa yana ɗauke da sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, kuma shi ne yake haɗuwa da iska ya yi wata siririyar fata a bayan ƙarfen wadda take tare tsatsa. Wannan fata ba ta da kauri ko kaɗan. Idan ƙarafa biyu iri ɗaya, masu tauri ɗaya, suka riƙa gugar juna da ƙarfi ba tare da isasshen mai a tsakaninsu ba, sai fatar ta saɓule, tsirarin ƙarfe ya taɓa tsirarin ƙarfe, su manne a ƴan ƙananan wurare kamar an yi musu walda ba tare da wuta ba. Da silaid ya sake motsawa sai ya fizge wurin da ya manne, ɓarɓashin da ya fito kuma ya zama abin da zai ƙara kartar layin. Matsalar tsohuwa ce: fistol ɗin Hardballer da kamfanin AMT na Amurka ya fitar a 1977, wanda yake cikin na farko-farkon 1911 da aka yi da irin wannan ƙarfe, ya yi ƙaurin suna a kanta. Daga baya masu ƙera bindigogi suka koyi bambanta taurin silaid da na gangar jiki, ko su yi amfani da gamin ƙarfe daban-daban, wanda hakan ya rage matsalar ƙwarai, amma bai kawar da ita daga bindigar da aka matse sosai aka kuma bar ta a bushe ba.

Ga gwajin da zai raba maka gardama. Ka kwance bindigar, ka wanke layukan tas, ka cire bututu da sifirin da ke mayar da silaid gaba, ka ɗora silaid shi kaɗai a kan gangar jiki da ɗan mai, ka riƙa kai shi da komo a hankali. Idan yana tafiya da ɗan nauyi iri ɗaya daga farko har ƙarshe, matsewa ce kawai. Idan kuwa akwai wuri guda da yake cijewa kamar ya taka tsakuwa, ka tsaya nan. Kada ka ɗauko magagari ko samfefa, kada kuma ka zuba garin goge ƙarfe a layin, domin bindigar sabuwa ce, kuma da zarar ka taɓa ƙarfenta da hannunka kamfani yana iya janye garantinsa. Ka ɗauki hoton wurin ka mayar musu da ita, su ne ya wajaba su gyara.

Idan layukan lafiya suke, to ka waiwayi abubuwan da suka fi yawan jawo wannan tsayawar: ɗakin harsashi da ya tara dauɗar albarushi, magazin mai gajiyayyen sifirin ko lanƙwasassun leɓɓa, da ƙugiyar nan mai fizgo kwanso idan ta yi tsauri har gindin harsashi ya kasa shiga ƙarƙashinta cikin sauƙi. Ka gwada wani magazin da harsashi mai zagayayyen kai na kamfani kafin ka zargi komai, domin shi ne gwaji mafi arha.

Tambaya: Na saba goge bindigata 1911 ta ƙarfe marar tsatsa da ɗan digon mai kawai, kamar yadda nake yi wa tsohon fistol ɗina mai gangar roba. Wani ya ce giris zan saya. Wanne ne daidai?

Amsa: Abin da ka saba ya dace da waccan bindigar, wadda silaid ɗinta yake hawa kan ƴan gajerun layuka huɗu masu sararin motsi, amma bai dace da wannan ba. A nan layukan dogaye ne, ratar da ke tsakani kuma ƴar ƙanƙanuwa ce, saboda haka wannan bindiga tana son a gan ta da danshi. Ni a ganina, ga layukan ƙarfe marar tsatsa giris mai laushi wanda aka yi don bindiga ya fi mai, domin ba ya tsiyayewa idan an ajiye ta, kuma ba ya gudu da wuri idan ta ɗauki zafi. TW25B da Slide-Glide suna cikin waɗanda maharba suka daɗe suna amfani da su, ko da yake sunan ba shi ne abin dubawa ba, laushin ne. Giris mai kauri irin na ƙafar mota yakan rage wa silaid gudu, musamman a bindigar da ta riga ta matse, kuma a lokacin tsananin sanyi yana daskarewa har ya haifar da irin tsayawar da ake gudu. Idan bindigar ta matse har giris yana sa ta nawa, ko kuwa a wuri mai sanyi za ka yi harbi, ka koma mai mai ɗan kauri, ka riƙa ƙarawa bayan kowane harsashi ɗari ko ɗari biyu.

Wuraren shafawa su ne layukan silaid da na gangar jiki, da bayan bututu inda yake ratsa zoben gaba, da kan bututun inda yake kullewa cikin silaid, da ƙasan silaid inda yake danne guduma, wato ƙarfen da ke buga allurar harbi. Shafa siririya ta wadatar, ka ja silaid sau goma, ka share abin da ya ɓullo ta baya. Wurare biyu kuwa a bushe ake son su: ɗakin harsashi da ramin allurar da ke dukan harsashi, domin mai a cikin ramin yana tara dauɗa har allurar ta riƙa duka ba ƙarfi. Shi kuwa WD-40 na gwangwani, an yi shi ne don korar ruwa, kuma ya yi tsinkewa da yawa ga wannan aiki.

Wani abu da ake mantawa shi ne, wannan ƙarfe jinkirin tsatsa yake yi kawai, gumi da gishiri suna iya huda shi. Kada kuma ka goge shi da soson ƙarfe na gama-gari, domin ɓarɓashinsa yana nutsewa cikin fatar ya yi tsatsa a can.

Tambaya: Idan na sayi sifirin silaid da ya fi ƙarfi, ba zai tilasta wa silaid rufewa ba?

Amsa: Zai tilasta masa, amma ɓoye ciwon zai yi. Ga 1911 mai bututu inci 5 da ke harba harsashi samfurin .45 ACP, sifirin mai ƙarfin nauyin fam 16 shi ne ma'aunin da aka saba. Idan ka haura shi da yawa, silaid ba zai kai ƙarshen baya ba da harsashi mai sauƙin ƙarfi, sai kwanso ya maƙale a tsaye a bakin tagar da yake fita, kuma idan layukan sun riga sun fara cin juna, ƙarin ƙarfin ƙara yagar su zai yi. Abin da ya kamata ka saya shi ne sabon sifirin mai ma'aunin da littafin bindigarka ya faɗa, idan tsohon ya gajarce in an jera shi da sabo. Ka kuma duba riƙonka, domin sakin wuyan hannu yana shanye ƙarfin da silaid yake buƙata.

Tambaya: Ban saya ba tukuna. Shin matsattsen fistol ya cancanci ƙarin kuɗin da ake sa masa?

Amsa: Ya danganta da abin da za ka yi da shi. Ga mai gasar saiti, wanda yake wanke bindigarsa bayan kowace fita, matsewar tana da daɗi a hannu kuma tana da ɗan amfani. Sai dai mafi yawan daidaiton harbi yana fitowa ne daga yadda bututu ya zauna cikin silaid da zobensa na gaba, rabon da matsewar silaid a kan gangar jiki take bayarwa kaɗan ne, alhali tana iya jawo wahala. Idan bindigar za ta riƙa shan ƙura, ko za ta daɗe a ajiye ba a duba manta ba, wadda take da ɗan sarari ta fi maka. Idan kuma farin ƙarfen ne ya shiga ranka, ka nemi wadda silaid ɗinta na baƙin ƙarfe ne a kan gangar jiki marar tsatsa, ko wadda aka lulluɓe layukanta da kuromiyam mai tauri ko rufin DLC, wato wani shafi mai tauri na sinadarin kabon, domin duk waɗannan suna hana ƙarfe iri ɗaya haɗuwa da juna. Kafin ka biya, ka nemi izinin mai kanti ka ja silaid ɗin a hankali sau da yawa ka ji ko yana tafiya bai ɗaya, sannan ka tambaye shi a rubuce ko garantin ya haɗa da lalacewar layuka.