Amsa: Sonic Mania ya kai na da daɗi kuwa?

Malam, ka tambaya ko wasan bidiyo na Sonic Mania ya kamo ƙafar tsofaffin wasannin Sonic na na'urar wasa ta Mega Drive. A ganina ya kamo, har da ɗoriya. Sega ta fitar da shi a 2017, amma masoya wasan ne suka haɗa shi, Christian Whitehead na jagorantarsu, shi ya sa nauyin tsalle da yadda Sonic ke ƙara gudu a gangara suke sak irin na da. Tsofaffin matakan wasan, Green Hill da Chemical Plant, sun dawo, sai dai an sauya musu hanyoyi, kar ka dogara da haddarka. Wasu manyan abokan gaban kam suna da gundura. In za ka saya, nemi Sonic Mania Plus na 2018, an ƙaro 'yan wasa Mighty da Ray.