Tambaya da Amsa: Tsofaffinmu da wayar hannu

Saƙonni uku na zaɓo wannan makon, duk daga nan Kumasi, kuma duk a kan iyayenmu ne da shekaru suka ja. Kamar kullum na cire sunaye.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Dan Allah shawara nake nema. Mahaifiyata shekarunta 74, muna zaune a Aboabo, tana da hawan jini da ciwon suga. Ni atamfa nake sayarwa a Kejetia, tun safe in na fita sai bayan magariba, yara suna makaranta, ita kaɗai take yini a gida sai in maƙwabta sun leƙo. Yayana da ke Jamus ya aiko mata babbar waya ta shafawa amma wallahi naɗe ta ta yi a ɗankwali ta tura ƙasan akwati, wai tsoro take kar ta taɓa wani wuri ta lalace. Magani kuma wata rana ta manta, wata rana ta sha sau biyu. Wayar nan tana da amfanin da za ta mana ne ko mu sayar kawai?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mma lafiya, ya saka miki da alheri. Kar ki sayar tukuna. Kuma ki sani ba gidanku kaɗai ba ne, ƙidayar 2021 ta nuna masu shekara 60 zuwa sama a Ghana sun kusa miliyan 2, alhali a 1960 dubu ɗari biyu ne da 'yan kai. Tsofaffi sun yi yawa, gidajen kuma sun rage mutane, da can babban gida ba ya rabuwa da surukai da jikoki da 'yan haya, yanzu wannan yana Accra wancan yana Jamus wata tana aiki a ƙasar Larabawa, wanda ya rage kuma kasuwa ta riƙe shi.

Tsoron Mma yana da dalili. An miƙa mata abu cike da hotuna da rubutun boko aka ce gashi nan, ba wanda ya zauna da ita. Toh ki samu ranar da ba ki fita, ki ɗauko wayar ki share fuskarta tas, duk wasu abubuwan da ba ta buƙata ki kawar da su daga gaba. Ki shiga saitin ki ƙara girman rubutu har ƙarshe, ki ƙara ƙarar ringin. Sai ki ɗora hoton mutum huɗu ko biyar a fuskar wayar, ke, yayanki, maƙwabciyar da kika fi yarda da ita, da wani jika babba, yadda in ta danna fuskar mutum kira zai tafi kai tsaye ba sai ta karanta suna ba. Abu na biyu da za ki koya mata saƙon murya ne a WhatsApp, ta danna ta riƙe ta yi magana ta saki. Shikenan darasin ranar farko, kar ki ƙara komai. Kuma dan Allah ki bari yatsanta ne zai danna, ko za ta yi kuskure sau goma, domin abin da ke kashe wa tsofaffi gwiwa shi ne yaro ya fizge wayar ya ce kawo in miki, sai su ji kamar sun zama kaya. Ki faɗa mata a fili cewa dannawa ba ta lalata waya.

Maganar magani ita ta fi damuna a saƙonki, musamman shan sau biyu, don maganin suga in ya yi yawa yana iya kayar da mutum. Ki je kemis ki sayi ɗan akwatin magani mai gida bakwai, na kwana bakwai, wasu ma kowace rana an raba ta safe da dare. Ke za ki riƙa cika shi duk ranar Juma'a ko Lahadi. In gidan yau babu komai, ta sha ke nan, ba gardama. Sai ki sa mata alam a wayar daidai lokutan da likita ya ce, kuma in za ki iya ki ɗauki muryar jikanta yana cewa Kaka lokacin magani ya yi, ki sa shi a matsayin ƙarar alam ɗin, za ki ga bambanci. Tsofaffinmu da sallah suke auna lokaci ba da agogo ba, don haka ki tambayi nas ko za a iya daidaita shan da bayan asuba da bayan isha'i, amma kar ki canza da kanki, wasu magungunan da abinci suke tafiya.

Sannan ku haɗa kuɗi ku sayi na'urar gwajin hawan jini ta batir, wadda ake ɗaurawa a damtse, ta fi ta wuyan hannu inganci. Ta zauna ta huta minti biyar, ta jingina baya, hannun a kan tebur, sannan a danna. Ba sai ta iya karanta lambar ba, hoto kawai za a ɗauka a tura gurup ɗin gida, ko jika ya rubuta a ɗan littafi da kwanan wata. Ranar asibiti, ko Manhyia kuke zuwa ko Komfo Anokye, littafin nan ya fi wa likita amfani fiye da a ce masa jikin dai da sauƙi. In lambar tana yawan haura 140/90 a sanar da likita. In ta kai wajen 180/120 ga ciwon kai mai tsanani ko ciwon ƙirji ko baki ya karkace ko hannu ya mutu, wannan ba maganar gurup ba ce, asibiti ne nan take. Haka suga, in na'urar ta nuna ƙasa da 4, ko kika ji tana rawar jiki da gumi, a ba ta ruwan sikari in tana iya haɗiya sannan a nemi likita.

Lambar gaggawa 112 ce, kyauta. Amma kin san lungunan Aboabo, motar asibiti ba za ta gane bayan masallaci kusa da mai koko ba. Ki buɗe manhajar adireshi ta GhanaPost GPS a waya, wadda aka fara tun 2017, ki tsaya a ƙofar gida ki ciro lambar adireshinku, ki rubuta ta da manyan baƙi a bango kusa da gadon Mma tare da lambar wayarki, ki ba maƙwabciyar ma. Caji kuma ya zama aikin mutum ɗaya kullum da dare saboda ɗauke wuta.

In duk kin yi wannan ta ce ita dai ba ta so, kar ki matsa. Ƙaramar waya mai maɓalli, wadda muke kira yam, tana yin alam, tana da rediyo da tocila, cajinta yana kwanaki, ana iya sa lambarki a maɓalli ɗaya. Babbar sai ta zama ta bidiyo kol da yamma in kin dawo, ta ga ɗanta ta ga jikokinta na Jamus. Wannan ma ba ƙaramin magani ba ne ga wadda take yini ita kaɗai.

TAMBAYA: Anti katin inshorar lafiya na kakata ya mutu, ƙafarta ba ta barinta tsayuwa a layi, kuma hawa trotro, motar haya, wahala ne gare ta. Ya zan yi? Daga Asawase.

AMSA: Ba sai ta taka ko'ina ba ɗana. Tun ƙarshen 2018 ake sabunta katin NHIS ta waya. Ka danna *929# a wayarka, ba dole sai tata ba, ka zaɓi sabuntawa, ka sa lambar katin ka bi abin da aka nuna maka, in akwai abin biya ta momo ne, wato asusun kuɗi na layin waya. Ta nan kuma ake haɗa shi da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, yadda kati ɗaya zai ishe ta a asibiti. In ta kai shekara 70 doka ta ɗauke mata kuɗin shekara da sauran manya ke biya. Ka sa tunatarwa a wayarka wata ɗaya kafin ya sake mutuwa. In kuma ba ta da mai tallafa mata sosai, ka leƙa ofishin jin daɗin jama'a na Asokore Mampong ka tambayi shirin LEAP, tun 2008 yake, yana ɗaukar tsofaffi 'yan 65 zuwa sama marasa galihu, ana biya ta e-zwich, katin cire kuɗi da ake ɗora yatsa. Ba kowa ake ɗauka ba amma tambaya ba ta cin kuɗi.

TAMBAYA: Salam. Babana tsohon direba ne, muna Tafo Zango. Wani ya kira shi ya ce daga ofishin kamfanin waya yake, wai an yi kuskuren turo masa kuɗi kuma za a rufe layinsa in bai gyara ba, ya riƙa faɗa masa abin da zai danna har ya sa lambar sirrinsa. Kuɗin maganin da ƙanwata ta turo duk suka tafi. Tun ranar Baba ba ya cin abinci sosai, ba ya son a ɗaga maganar. Ni da 'yan'uwana mun yanke mu karɓe layin mu riƙa ba shi kuɗi a hannu. Daidai ne?

AMSA: Innalillahi, Allah ya mayar da alheri, ya isar masa. Gaskiya ni ban goyi bayan karɓe layin ba, kuma zan faɗa maka dalili. Mutumin da ya yi shekaru yana riƙe da sitiyari yana ciyar da gida, yanzu ɓarawo ya cuce shi, in ku ma kuka zo kuka karɓe wayar kun tabbatar masa da abin da yake faɗa wa kansa a zuci, cewa ya gama amfani. Rashin cin abincin nan ba don kuɗin ba ne kawai, kunya ce. Ɓarayin nan sana'arsu ke nan, sun cuci malaman makaranta da 'yan kasuwa da samari masu ji da wayewa, ka faɗa wa Baba haka da bakinka.

Momo ya shigo Ghana a 2009, kuma ba ƙaramin sauƙi ya kawo wa tsofaffi ba, da sai an jira direba ko wani mai tafiya ya kawo saƙo a ambulan, yanzu daga Accra ko Turai kuɗi ke shigowa kafin a ajiye waya. Kar ɓarawo ɗaya ya sa ku raba shi da wannan.

Farko ku kai rahoto in ba ku kai ba. Ku kira 100 ku sanar da kamfanin layin, ku ba su lambar da ta kira da saƙon fitar kuɗin, kar ku goge shi, sannan ku kira ko ku tura saƙo 292, layin hukumar tsaron intanet ta ƙasa. Ba na maka alkawarin kuɗin za su dawo, amma ana iya toshe lambar kafin ta cuci wani. Sai ku canza lambar sirrin, shi zai zaɓa da kansa, kar ta zama shekarar haihuwa ko 1234, kuma kar a rubuta ta a bayan waya kamar yadda nake gani a hannun dattawa da yawa wajen masu momo, har ma wasu su miƙa wayar su faɗi lambar da ƙarfi mutane na tsaye.

Doka ɗaya tak za ku ba shi, kar ku cika masa kai da bayani: duk wanda ya kira ya ambaci kuɗi, ko ya ce daga ofis yake, ko an turo bisa kuskure, ko ka ci kyauta, ko jikanka yana asibiti, a kashe waya a kira ɗaya daga cikinku. Ba rashin kunya ba ne kashe wa baƙo waya, wannan sai kun nanata masa, don tarbiyyarsu ba ta yarda a katse mutum yana magana ba kuma da wannan ladabin ake kama su. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar lambar sirri. In saƙo ya faɗo a fuskar waya yana neman lambar alhali shi bai sayi komai ba, bai je cire kuɗi ba, ya soke shi kawai, kar ya sa lambar.

Sai ku raba kuɗin gida biyu, da saninsa da yardarsa. Manyan kuɗi irin na magani da haya su riƙa shiga layin ɗayanku, nasa layin kuma a riƙa sa masa na kashewa duk mako, na goro da sadaka da abin da zai miƙa wa jikoki ko ya kai gudummawar suna da addu'a ba tare da ya roƙi kowa ba. Ko an sake gwada shi asarar ba za ta yi yawa ba. Kuma ka samu limamin masallacinku ka roƙe shi ya yi wannan gargaɗin bayan sallah da Hausa, ba tare da ambaton sunan kowa ba, don a sahun gaba akwai dattawa da dama da irin wannan kiran yake jiransu.