Auna faɗin bugun lantarki da Timer1

Malam, ka tambayi yadda za ka auna tsawon bugun lantarkin da HC-SR04, na'urar auna nisa da sauti, ke fitarwa a tankin ruwanka nan Maraɗi ba tare da Arduino Uno, ƙaramin allon kwamfutar da ke karanta bugun, ya tsaya jira ba. Ka bar pulseIn, umarnin Arduino na auna tsawon bugu, domin ita ke riƙe shirin. Ka haɗa siginar da ƙafa ta 8, inda Timer1, ma'aunin lokaci da ke cikin Arduino, ke adana ƙidayarsa da kansa lokacin da siginar ta tashi ko ta sauka, gwargwadon wanda ka saita masa. Idan ka raba agogon megahaz 16 gida 8, kowace ƙidaya rabin mikrosakan ce, kuma ma'aunin yana cika bayan milisakan 32.8. Sai ka debe ƙidayar farko, ta tashin siginar, daga ta biyu, ta saukarta, ka raba sakamakon gida biyu don samun mikrosakan. Mikrosakan 58 kusan nisan santimita ɗaya ne, amma zafin bazara yana ƙara gudun sauti, don haka ka gyara lissafin.